Nazarin lamari: 'Yar shekara 15 mai ciwon damuwa da ke yi wa kanta rauni, da abin da binciken ƙwaƙwalwa ke iya bayyanawa

Wannan lamari na koyarwa ne. An harhaɗa shi daga siffofin da aka saba gani a ɗakin duba lafiyar ƙwaƙwalwar matasa, ba labarin wata yarinya takamaimiya ba ne. Da gangan aka bar bayanin yadda ake yin raunin, domin ba shi da amfani ga mai son taimakawa.

Yadda aka kawo ta

Yarinya ce 'yar shekara 15, ɗalibar sakandare. Mahaifiyarta ce ta fara ganin tabo a damtsenta, wasu sun warke wasu sababbi, bayan kwana biyu iyayen suka kawo ta asibiti. Da aka bi tarihi, abin ya kai wata bakwai da somawa: ta janye daga ƙawaye, makinta ya faɗi, barci ba ya ɗaukarta sai bayan ƙarfe biyu na dare, da safe kuma tashi ya zama aiki. Ta rame, abu kaɗan sai ta hau faɗa. Iyayen sun ɗauka rigimar balaga ce. Wannan kuskure ne da ake yawan yi, saboda a matashi ciwon damuwa yakan fito da saurin fushi fiye da kuka.

Buƙatar mahaifin ɗaya ce tun daga bakin ƙofa: "Likita, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta a ga abin da ya lalace. Mai hankali ba zai yi wa kansa haka ba." Rabin maganarsa gaskiya ne, ƙwaƙwalwa na da hannu a ciki. Ɗaya rabin ne ya ɗauki lokaci ana warwarewa.

Tantancewa

An fara ganin yarinyar ita kaɗai na kusan minti 40, bayan an faɗa mata iyakar sirri a gaban iyayenta: abin da ta faɗa zai tsaya tsakaninta da likita, sai dai in rayuwarta na cikin haɗari ko wani na cutar da ita. Idan ba a faɗi wannan tun farko ba, ranar da aka tilasta wa likita ya sanar da iyaye wani abu, matashin zai ɗauka an ci amanarsa, kuma ba zai sake buɗe baki ba.

A takardar tambayoyi tara ta PHQ-9, wadda makinta ke tashi daga 0 zuwa 27, ta samu 19. Daga 15 zuwa 19 ana lissafa shi matsakaici mai nauyi, daga 20 kuma mai tsanani. A tambaya ta tara, wadda ta shafi tunanin mutuwa ko cutar da kai, ta zaɓi "wasu ranaku". Takardar ba ta yanke hukunci, tattaunawa ce ta tabbatar da ciwon. An tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta. Iyaye da yawa, har da wasu ma'aikatan lafiya, suna tsoron wannan tambaya kada ta cusa wa yaro tunanin. Binciken da Madelyn Gould da abokan aikinta suka wallafa a 2005, a kan ɗaliban sakandare a Amurka, ya nuna tambayar ba ta ƙara damuwa ko tunanin. Amsarta ita ce wani lokaci takan so ta kwanta kada ta farka, amma ba ta taɓa shirya komai ba, ba ta kuma taɓa yunƙuri ba. Game da raunin ta ce: "Ba mutuwa nake so ba, likita. So nake abin da ke ƙirjina ya tsaya."

Ta fara yi wa kanta rauni wata biyar da suka wuce, a watanni ukun ƙarshe kuma ya kai sau biyu ko uku a mako. Kundin DSM-5 na likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, wanda ya fito a 2013, ya sanya irin wannan a jerin yanayin da ke buƙatar ƙarin bincike, da ma'aunin kwana biyar ko fiye a cikin shekara ɗaya, ba tare da niyyar mutuwa ba. Ta wuce ma'aunin nesa ba kusa ba. Kuma ba ita kaɗai ba ce: wani nazari na 2014 da ya tattara bincike daga ƙasashe da dama ya kiyasta cewa kusan kashi 17 cikin 100 na matasa sun taɓa yin haka aƙalla sau ɗaya, galibi ana farawa tsakanin shekara 12 da 14.

An duba raunukan, babu wanda ya ruɓe ko ke buƙatar ɗinki, an kuma tabbatar da rigakafin tetanus ɗinta. Gwajin jini da na sinadarin maƙogwaro (thyroid) sun fito lafiya. Ana yin su ne domin ƙarancin jini da raunin wannan sinadari suna kawo kasala mai kama da ciwon damuwa. An tambaye ta ko ta taɓa yin kwanaki tana jin ƙarfi fiye da kima, ba ta buƙatar barci, tana magana ba tsayawa. Ba ta taɓa ba, babu kuma mai irin wannan a dangi. Tambayar tana da muhimmanci kafin a rubuta magani, domin maganin damuwa na iya tayar da wannan yanayi ga mai ɗauke da shi. Ba ta shan komai, ba a kuma samu alamar cin zarafi ba. Mahaifiyarta ta taɓa fama da ciwon damuwa bayan haihuwa.

Gwajin jijiyoyi, wato ƙarfin gaɓoɓi, tafiya, gani da motsin ido, bai nuna komai ba. Babu farfaɗiya, babu ciwon kai mai tashe ta da amai da asuba, babu buguwar kai, babu sauyin hali na farat ɗaya tare da ruɗewa. Waɗannan ne alamun da ke sa a nemi hoton ƙwaƙwalwa, don kawar da zargin ƙari ko kumburi. Ba ta da ko ɗaya.

Bin sarƙar dare ɗaya

Abin da ya fi komai amfani a tantancewar shi ne zama da aka yi aka bi dare ɗaya daki-daki. Ranar ta yi barcin awa huɗu kacal, ba ta ci abincin rana ba, da yamma kuma sun yi cacar baki da mahaifiyarta a kan jarrabawa. Wajen ƙarfe goma na dare ta rubuta saƙo a zauren hirar 'yan ajinsu a waya. Mutum shida suka karanta, babu wanda ya amsa, aka ci gaba da wata hira. Tunanin da ya zo mata: ba mai so na, ni ce matsalar. Jikinta ya ɗauki zafi, ƙirji ya matse, hannu na rawa. Da aka ce ta auna matsin daga 0 zuwa 10, ta ce 9. Tsakanin ganin saƙon da yin raunin bai kai minti 20 ba. Bayan ta yi, matsin ya sauka zuwa 3 cikin 'yan mintuna. Bayan kamar rabin sa'a kunya da tsanar kai suka taso, matsin ya koma 6, ta ɓoye wurin ta kwanta.

Saukar nan daga 9 zuwa 3 ita ce zuciyar lamarin. Matthew Nock da Mitchell Prinstein, a 2004, sun kasa dalilan cutar da kai gida huɗu: rage wani ji mai zafi a ciki, neman jin wani abu idan zuciya ta bushe, guje wa wata buƙata daga mutane, da neman kulawarsu. Na farkon ne matasa suka fi ambata, shi ne kuma nata. Wanda ke ɓoye tabo wata biyar ƙarƙashin dogon hannun riga ba neman a kalle shi yake yi ba.

Abin da ake gani a ƙwaƙwalwar matasa irinta

Sassan ƙwaƙwalwa ba sa gama girma lokaci ɗaya. Waɗanda ke kula da tsoro, fushi da jin daɗi suna ƙara kaifi da shigowar balaga. Daga cikinsu akwai amigdala, wani ɗan curin ƙwayoyin jijiya da ke can ciki ta gefen kowane kunne, wanda ke saurin gane barazana. Ɓawon gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi yake kuma tausar waɗancan sassa da auna sakamako, ba ya kammala ginuwa sai wajen tsakiyar shekaru ashirin. Kowane matashi na cikin wannan giɓi. Ciwon damuwa kuwa yana ƙara faɗaɗa shi.

A 2012 Paul Plener da abokan aikinsa a birnin Ulm na Jamus sun nuna wa 'yan mata tara masu cutar da kansu da wasu tara masu lafiya hotuna masu tayar da hankali, suna cikin na'urar fMRI, wadda ke nuna sassan ƙwaƙwalwa da suka fi aiki. A rukunin farko amigdala, hifokamfus da sashen singulet na gaba, dukkansu sassa masu hannu a ji na rai, sun fi motsawa. Sai dai da aka saka ciwon damuwa a lissafi, shi ya bayyana bambancin da aka gani a waɗannan sassa. Ma'ana, ba a rarrabe tsakanin sawun damuwar da sawun cutar da kan ba. Wannan ya sa binciken da ya biyo baya ya koma kwatanta masu damuwa da ke cutar da kansu da masu damuwa da ba sa yi.

Na 2016, wanda Rebecca Groschwitz ta jagoranta a Ulm ɗin dai, ya fi kusa da lamarin yarinyar nan. An yi amfani da wani wasan kwamfuta mai suna Cyberball: matashi na jefa ƙwallo da wasu 'yan wasa biyu a allo, can sai su daina jefo masa, su riƙa yi tsakaninsu. A gaskiya kwamfuta ce ke sarrafa su. An kwatanta rukuni uku: masu damuwa da ke cutar da kansu, masu damuwa da ba sa yi, da masu lafiya. A lokacin wariyar, tsakiyar ɓawon gaba da gefensa na ƙasa sun fi motsawa a masu cutar da kansu fiye da masu damuwa zalla. Tsakiyar ɓawon gaba yana aiki sosai idan mutum na tunani a kan kansa da yadda wasu ke ganinsa, gefen ƙasan kuma idan yana ƙoƙarin danne wani ji. Wata fassara mai ma'ana ita ce ƙwaƙwalwar irin wannan matashi tana ɗaukar wariya a matsayin hukunci a kan ko shi wane ne, tana kuma wahala wajen sauke abin. Saƙon da mutum shida suka karanta ba su amsa ba kusan wasan nan ne a zahiri.

A shekarar ce kuma Karina Quevedo da tawagarta a Jami'ar Minnesota suka sa matasa su auna kansu da wasu siffofi, sau ɗaya da idonsu, sannan da idon mahaifiya, aminin ƙut da ƙut, da 'yan aji. Masu damuwa da ke cutar da kansu sun nuna ƙarin motsi a sassan ji da na tunanin kai, musamman lokacin da suke kallon kansu da idon mahaifiya. Ba a kawo wannan don ɗora wa uwa laifi ba. Abin da yake nunawa shi ne yadda iyaye ke karɓar ɓacin ran yaro yana cikin maganin, ba a gefe yake ba.

Akwai kuma batun kotisol, sinadarin da jiki ke fitarwa don fuskantar matsi. Michael Kaess da abokansa a Jamus, a 2012, sun sa 'yan mata yin jawabi da lissafin ka a gaban alƙalai masu ɗaure fuska. Masu cutar da kansu sun fitar da kotisol ƙasa da na sauran, duk da cewa su ma sun ji matsin. Wato abin da suke ji a rai da martanin da jiki ke bayarwa ba sa tafiya tare.

To me ya sa zafin jiki ke kawo sauƙi? Nan ne iyaye suka fi ruɗewa. Abubuwa uku ne aka fi samun hujja a kansu. Na farko, nazarin da ya tattara gwaje-gwaje da dama a 2016 ya nuna masu cutar da kansu sun fi jure zafi, kuma zafin ba ya fara damunsu da wuri kamar sauran mutane. Na biyu, Christian Schmahl da abokansa a Mannheim sun nuna tun 2006 cewa a manya masu matsalar rashin daidaiton hali, zafi mai ciwo yana rage motsin amigdala. A lura, a manya aka gani, masu wani ciwon dabam, don haka a yi hattara wajen ɗora shi a kan 'yar shekara 15. Na uku, aikin Joseph Franklin ya nuna cewa lokacin da zafi ya ɗauke, kowa yana jin ɗan sauƙi da ya wuce yadda yake kafin zafin, ko mai lafiya ne. Tun da zafin jiki da zafin rai suna tarayya a wasu sassa, irin su insula da singulet na gaba, ɗaukewar na farkon na iya jan na biyun ya sauka na ɗan lokaci. Ana kuma zargin sinadaran rage zafi da jiki ke yi da kansa: Barbara Stanley ta samu ƙarancinsu a ruwan laka na manya masu cutar da kansu a 2010.

Sauran aikin koyo ne ke yin sa. Duk abin da ya sauke matsi cikin minti biyu, ƙwaƙwalwa za ta riƙe shi, ta kuma miƙo shi da sauri a karo na gaba. Kunyar da ke zuwa bayan rabin sa'a ta makara, ba ta iya goge darasin, hasali ma ita ce ke zama makamashin dare na gaba. Shi ya sa abin da ya fara sau ɗaya a wata ya koma sau uku a mako.

Dalilin da ya sa ba a ɗauki hoton ba

Hoton MRI na asibiti siffar ƙwaƙwalwa yake nunawa, kuma a yarinya irin wannan lafiya lau zai fito. Na'urar fMRI da ake bincike da ita ba ta ganin ƙwayoyin jijiya suna aiki. Sauyin iskar oksijin a jinin da ke kwarara zuwa wani sashe take aunawa, dabarar da Seiji Ogawa ya bayyana a 1990, kuma wannan sauyi yana kai ƙololuwa ne daƙiƙa huɗu zuwa shida bayan aikin ya faru. Sauyin ɗan kaɗan ne, motsin kai da bai kai milimita ɗaya ba na iya gurɓata shi, matasa masu damuwa kuwa ba su cika kwanciya shiru ba. Launukan da ake gani a mujallu lissafi ne na matsakaicin rukuni. Sanin cewa maza sun fi mata tsawo a matsakaici ba zai faɗa maka ko mai tsawon santimita 168 namiji ne ko mace ba. Haka sakamakon nan yake idan aka zo kan mutum ɗaya.

Matsalar ta wuce nan. Wani nazari na 2020 ya nuna cewa idan aka maimaita wa mutum ɗaya gwajin fMRI iri ɗaya a wata rana, sakamakon ba ya cika daidaituwa da na farko. A 2022 Scott Marek da abokansa suka nuna a mujallar Nature cewa kafin a samu alaƙa tabbatacciya tsakanin hoton ƙwaƙwalwa da hali ana buƙatar dubban mutane, alhali yawancin binciken da ake yi mutum ashirin da 'yan kai ne. Galibin binciken cutar da kai kuma a kan 'yan mata aka yi, sau ɗaya aka auna su, wasu suna kan magani. Ba za a iya cewa bambancin ne ya jawo halin ko halin ne ya bar sawu ba. Na'urar EEG, mai auna wutar ƙwaƙwalwa ta fatar kai, da wadda ke auna oksijin ta goshi da haske sun fi sauƙi, amma su ma a wannan fanni kayan bincike ne, ba na gano ciwo ba.

An yi wa mahaifin bayani kamar haka: "Baba, ba abin da ya lalace a kanta. Sashen da ke jin zafin rai yana tashi da sauri, wanda ke sauke shi bai gama girma ba, ciwon damuwa ya ƙara raunana shi, ita kuma ta gano wata hanya mai cutarwa da ke sauke shi nan take. Hoto ba zai nuna wannan ba. Amma ana koyon wata hanyar." Amfanin ilimin ƙwaƙwalwa a ɗakin likita ke nan a yau: yana cire zargin iskanci ko neman suna, yana kuma nuna inda za a sa hannu.

Haɗari

Rashin niyyar mutuwa ba ya nufin babu haɗari. A binciken ADAPT na Birtaniya da TORDIA na Amurka, waɗanda aka wallafa sakamakonsu kan wannan batu a 2011, tarihin cutar da kai ya yi hasashen yunƙurin kashe kai a matasa masu ciwon damuwa a watannin da suka biyo baya. Duk da haka ba a sanya mata lakabin "ƙaramin haɗari" ko "babban haɗari" ba. Jagorar 2022 ta NICE, hukumar Ingila mai tsara ƙa'idojin kula da marasa lafiya, ta hana amfani da irin wannan ma'auni don hasashe ko don yanke wa za a kula da shi, saboda ba ya faɗin gaskiya. An rubuta tsarin kariya mai matakai shida irin wanda masu bincike Stanley da Brown suka tsara, da kalmominta: alamun da ke nuna abin na tasowa, abin da za ta yi ita kaɗai, mutane ko wuraren da ke ɗauke mata hankali, wanda za ta kira ta faɗa masa, lambobin ma'aikatan lafiya da na gaggawa, sai tsare gida. An kulle duk magungunan gidan, har da na ciwon kai da ake saye ba takardar likita. Ba a kwantar da ita ba, tun da babu shiri ko niyya kuma iyayen na iya lura da ita. An ba ta ranar dawowa cikin mako guda.

Magani da inda aka samu cikas

An bi layi biyu, domin damuwar da cutar da kan ba abu ɗaya ba ne. Ga damuwar, an haɗa maganin fuloksetin da zaman tattaunawa. A binciken TADS na 2004, a kan matasa 439 'yan shekara 12 zuwa 17, bayan mako 12 kashi 71 cikin 100 na waɗanda aka haɗa wa biyun sun samu sauƙi, kusan 61 a magani kaɗai, 43 a tattaunawa kaɗai, 35 a ƙwayar da ba magani a ciki. An fara da miligiram 10 kullum da safe, bayan mako guda aka kai 20. An sanar da iyayen gargaɗin 2004 na FDA, hukumar kula da magunguna ta Amurka: a gwaje-gwajen yara da matasa, tunani ko yunƙurin kashe kai ya bayyana a kusan kashi 4 cikin 100 na masu shan maganin damuwa, kashi 2 a waɗanda ba su sha ba. Saboda haka ake ganin mara lafiya kowane mako a watan farko.

Kwana biyar da ƙara maganin ta kasa zama wuri ɗaya, barcin ya ƙara lalacewa, sha'awar yin raunin ta ƙaru. Wannan zumuɗi illa ce sananniya a matasa, kuma kuskuren da ake yi shi ne a ɗauka ciwon ne ya tsananta a ƙara magani. An koma miligiram 10 na mako biyu, sannan aka sake hawa, wannan karon ba matsala. Fuloksetin na daɗewa a jiki, abin da yake rikiɗewa ya zama yana ɗaukar kwanaki kafin rabinsa ya fita, don haka ko an rage ba a ganin sauyi washegari. Sai an faɗa wa iyaye wannan, in ba haka ba za su dakatar da shi da kansu.

Ga cutar da kan, babu ƙwayar da aka tabbatar tana hana shi. An sa ta a tsarin DBT na matasa, maganin tattaunawa da ke koyar da dabarun jure matsi da daidaita ji, wanda ya samo asali daga aikin Marsha Linehan. Gwajin Lars Mehlum a Norway a 2014, matasa 77 na mako 19, da na Elizabeth McCauley a Amurka a 2018, matasa 173 na wata shida, duk sun nuna ya rage cutar da kai fiye da kulawar da aka kwatanta shi da ita. Tsarin ya ƙunshi zama da mai ba da magani awa ɗaya a mako, ajin koyon dabaru na kusan awa biyu tare da iyaye, damar kiran waya lokacin da abin ya taso kafin a yi raunin, da katin da take cikewa kullum da makin matsi da abin da ta yi.

Dabarun farko an zaɓe su ne don minti ashirin ɗin nan. Idan matsi ya kai 9, nasiha da dogon tunani ba sa shiga, sai a bi ta jiki. Ta riƙe numfashi ta tsoma fuska a ruwan sanyi, wanda bai yi ƙasa da digiri 10 ba, na daƙiƙa 15 zuwa 30. Wannan na tayar da martanin nutso, jijiyar bagus ta rage bugun zuciya. Ba a ba mai ciwon zuciya, mai matsalar ƙin cin abinci ko mai shan maganin rage bugun zuciya wannan dabara sai da izinin likita. Bayan haka sai motsa jiki mai ƙarfi na 'yan mintuna, sannan numfashi a hankali, shaƙa daƙiƙa biyar, fitarwa bakwai. Ba a ba ta shawarar musanya raunin da wani ƙaramin zafi ba, duk da ana yawan bayar da ita, saboda tana barin darasin nan na "zafi ke kawo sauƙi" a inda yake. An kuma gyara barci, da burin awa takwas zuwa goma da ake so ga mai shekarunta: lokacin tashi ɗaya kullum, waya ta kwana a falo bisa yarjejeniya.

Cikas na biyu daga gida ya zo. Cikin tsoro, mahaifiyar ta fara duba jikinta kowane dare, mahaifin ya ƙwace wayar gaba ɗaya, suka sa ta yi alkawarin ba za ta sake ba. A mako na biyar katin ya nuna raunin ya ƙaru, ta kuma koma yin sa a inda ba a gani. Binciken jiki ya ƙara kunya, ƙwace wayar ya yanke ta da ƙawa ɗaya da ke cikin tsarin kariyarta, alkawarin kuma ya sa faɗin gaskiya ya zama amsa laifi. An zauna da iyayen aka sauya tsari. Da dare mahaifiyar za ta tambaya, "Yau lamba nawa?" Idan ta kai 7, za ta zauna da ita, ta ce, "Na ga abin ya yi miki nauyi," ba wa'azi, ba tambayar dalili, sannan su yi dabarar ruwan tare. Mahaifin ya fi shan wahalar wannan, domin a ganinsa amincewa da ɓacin ranta amincewa ne da abin da take yi. Sai da aka maimaita masa cewa ana iya gaskata zafin ba tare da an yarda da hanyar ba.

A mako na takwas makin PHQ-9 ya sauka zuwa 11, tana cin abinci, tana zuwa makaranta, amma raunin na nan sau ɗaya a mako. Iyayen suka karaya suka nemi a sauya magani. Ba a sauya ba: maganin na yin aikinsa a kan damuwar, ɗabi'ar da aka koya kuwa sai an koyi wata a gurbinta, kuma wannan ya fi ɗaukar lokaci. Daga mako na goma ta yi kwana 26 ba ta yi ba. A mako na 14, daren da aka fitar da sakamakon jarrabawa, ta sake yi. Washegari ita da kanta ta faɗa wa mahaifiyarta. Da aka bi sarƙar, an gano ta yi kwana uku tana karatu har ƙarfe ɗaya na dare, kuma tsarin kariyar bai ambaci ranakun jarrabawa ba. Aka ƙara su a ciki.

A wata na shida makinta 6 ne, ta yi mako goma ba rauni. Sha'awar na zuwa kamar sau ɗaya a mako, ba ta wuce 5 ko 6, takan kuma wuce cikin kwata na awa. Tunanin kada ta farka ya ɗauke tun wata na uku, amma ana tambayarta a kowane zama. Za ta ci gaba da fuloksetin aƙalla wata shida bayan alamun sun gushe, a janye shi a hankali a lokacin da ba na jarrabawa ba, zaman tattaunawa kuma ya koma sau ɗaya a wata, da sharaɗin a dawo da ita cikin mako guda idan barcinta ya ragu ƙasa da awa shida dare uku a jere ko raunin ya dawo.